Farar da ta Sauka a Garkar Baba Inusa

Jiratawa, farkon watan Maris

Zuwa ga ɗiyata Tahira Abdu, a Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya fara leƙowa, ruwan kanal ɗin da muke ban ruwa da shi kuma ya ja baya.

Na san za ki juya takardar nan kina neman sunan mai ita. Ni ne Inusa Jatau, tela a Sabon Gari a da. Kakana da kakan ubanki wa da ƙane ne, kuma gida ɗaya muka tashi da marigayi Abdu a ƙauyenmu na bayan Tsibiri. Kin taɓa ganina ranar zaman makokinsa a Zariya. Ni ne dogon tsohon nan da ya zauna bakin ƙofa, ana yi masa magana yana murmushi kawai. Ba raini ba ne. Sanƙarau ne ya tafi da kunnuwana shekarun baya, shi ya sa waya ba ta da amfani gare ni, sai alƙalami. Da na daina jin abin da masu ɗinki ke so, na sayar da keke na dawo Jiratawa na kama garka. Ina da zogale da lemo da amya uku, ina kuma renon fulawa a leda ina sayar wa masu sababbin gidaje a Maraɗi.

Wani ƙanen mahaifiyarki ne na gamu da shi a kasuwa, ya rubuta mini cewa karatun ƙwari kika yi a Yamai, yanzu kina istaj, wato koyon aiki, a Agadas. Na yi dariya har na riƙe ciki. Ashe zuriyarmu ta fitar da malamar ƙwari! To, ga aiki ya same ki.

Wata halitta ce ta sauka mini a kan fulawar da ake kira lantana. Na fi shekara goma cikin garka ban taɓa ganin irinta ba. Fara ce, ɗiyata, mai dogayen ƙafafu, tsawonta bai kai ƙaramin yatsana ba. Ban ga fiffike a jikinta ba. Gefen cikinta tsaga-tsaga ne kamar bakin leshi, da ɗigo-ɗigon kore, kuma tana ɗage bayanta sama. Da farko uku na gani. Maƙwabcina Tanimu ya ɗauki hotonsu da wayarsa, da muka duba sai fure kawai ya fito.

Yayata Baraka, wadda ke zaune wurina, tana da nata bayanin. Amma naki nake so in ji. Mene ne sunanta, kuma me ta zo yi?

Direban kar, babbar motar fasinjan nan, da ya kawo miki wannan mutumin kirki ne, ki ba shi amsa. Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Inusa

Agadas, tsakiyar Maris

Zuwa ga Baba Inusa.

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na gode da ka tuna da ni. Ina lafiya. Allah ya ƙara sauƙi, a gaida mutanen gida.

Baba, ka yi haƙuri da gajeren rubutu, mota na jirana. Yau za mu fita daji wajen duwatsu, inda babu rezon waya, kuma ban san ranar dawowa ba. Aikinmu a nan shi ne neman inda farar dango ke ƙyanƙyasa kafin ta yi fiffike ta tashi.

Abin da ka rubuta ya tayar mini da hankali. Fara marar fiffike, mai wata kala da ba ka saba gani ba, a garkar da ake ban ruwa cikin bazara, ba abin wasa ba ne. 'Ya'yan fara kan sauya kala idan sun fara taruwa. Ka ga uku, wataƙila akwai ɗari da ba ka gani ba. Idan ita ce, ba garkarka kaɗai ke cikin haɗari ba, duk Jiratawa ce.

Na kira wani abokin karatuna, Abdulrazak, da ke aiki da wani foroje, shirin tallafa wa manoma, a Maraɗi. Zai zo ya duba, zai taho da kayan feshi ko da za a buƙata. Don Allah ka ba shi haɗin kai.

Ban san Gwaggo Baraka ba, ban ma taɓa jin mahaifina ya ambaci sunanta ba. Amma a irin wannan lamari gara a bar bayanin gida a gefe.

Taka,
Tahira

Jiratawa, ƙarshen Maris

Ɗiyata Tahira,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin dawo daga daji lafiya. Ni lafiyata ƙalau. Garka ce ba lafiya.

Na karanta takardarki har sau uku kafin in gane inda muka saɓa. Da na ce fara ce, kalarta nake nufi. Fara fat, kamar alawayyo. Ba farar da ke cin hatsi ba, wadda na sani tun ina yaro muna soya ta da barkono. Kalma ɗaya ce a takarda, baki ne ke raba su, ni kuwa ba ki ji bakina ba. Laifin alƙalamina ne. Sai dai mutuminki ya riga takardarki isowa.

Ina cikin ban ruwa na ga farar mota ta tsaya, mutum biyu sun fito, ɗaya da famfon feshi a baya. Abdulrazak yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa. Da ya gane ba na ji, ya rubuta a ƙasa da tsinke: "Ina farar?" Na nufi wajen lantana da shi. Kafin mu kai, Baraka ta riga mu. Tsohuwar da sai na kama ta take tashi daga tabarma, ranar nan da gudu ta zo. Ta kwance mayafinta ta lulluɓe fulawar, ta zauna a gabanta ta miƙe ƙafa. Bakinta na saba karantawa. Cewa ta yi:

"Wanda zai fesa mata, ya fara da ni."

Yaron ya yi ta ba ta haƙuri, yana cewa gani kawai zai yi. Ta ce mai famfo a baya ba gani ya zo yi ba. Ya haƙura, ya zagaya garkar duka, ya leƙa ta Tanimu da ta gaba, ya dawo ya rubuta mini cewa babu alamar farar dango ko ɗaya. Bai fesa komai ba, Allah ya saka masa.

Amma mutane sun ga mota, sun ga famfo. Kafin la'asar labari ya zagaye cewa fara ta sauka a garkar Inusa. Tanimu da wasu suka ruga kasuwa suka sayo magani, suka yi ta feshi, iska kuwa wajena take kaɗawa. Washegari na tarar da ƙudan zumana zube a ƙasa kamar an watsa baƙin ridi. Amya biyu sun mutu. Ta ukun tana nan, ba ƙarfi. Halittar ma ɗaya ta rage, wadda mayafi ya rufe.

Yanzu bari in faɗa miki bayanin gidan da kika ce a bari a gefe, don ki san abin da ya zaunar da ita a ƙasa. Gidanmu gidan arna ne tun kakanni. Ni na musulunta ina saurayi, ubanki ma haka. Baraka ba ta bar na iyayenta ba. Akwai iskar da gidanmu ke yi wa yanka, Doguwa Fara. Tun da aka sare tsamiyarta a ƙauye, Baraka ke cewa ta yi fushi ta bar mu. Ranar da ta ga wannan abu, dogo, fari, ya ɗaga hannuwa biyu yana kallonta, sai ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Inna."

Ni ina salla, ban yarda da wannan ba, ta kuma sani. Amma ita ta raine ni. Ita ta goya ubanki a bayanta lokacin da uwarsa ta rasu yana jinjiri. Da ya yi zurfi a karatu ya ce ba zai ƙara taka gidan da ake yi wa iskoki yanka ba, kuma bai ƙara ba. Ba ƙararsa nake kawowa ba, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ina so ki san wacece ita ne kawai.

Yanzu a masallaci ana kallona. Ba na jin abin da ake faɗa, amma ina ganin bakuna.

Har yanzu ina jiran sunan.

Babanki,
Inusa

Jiratawa, ƙarshen Afrilu

Tahira,

Ina gaishe ki. Kullum motar kar ta iso nakan je tasha, direba ya girgiza mini kai. Na ce wa raina ko kina daji. Wani lokaci kuma in ce, ta karanta kalmar arna ta ninke takardar. Idan haka ne ba zan ga laifinki ba, haka kika taso. Amma ki amsa mini wannan ɗaya, daga nan ba zan ƙara damunki ba.

Halittar ta sauya. Wata safiya na tarar ta yi saɓa kamar maciji, tsohuwar rigarta na rataye a ƙarƙashin ganye, ita kuma ta fito da fiffike. A kan fiffiken akwai zane, da'ira cikin da'ira, baƙi da rawaya da kore. Na yi shekaru ina aikin wuyan riga, ban taɓa fitar da zagaye mai kyan wannan ba. Idan ka matso sai ta buɗe su, ka ga idanu biyu manya suna kallonka. Na ga ta cafke ƙuda da hannuwanta ta cinye. Ganye kuwa ko taɓawa ba ta yi.

Tun ranar da idanun suka fito Baraka ta rage cin abinci. Fura ma sai ta kurɓa ta ajiye. Ƙafafunta sun kumbura, tana haki idan ta yi taku kaɗan. Na ce mu je likita a Maraɗi, ta ce:

"Likitan me? Ta buɗe ido ta gan ni. Tafiya ta zo yi da ni. Ranar da ta tashi, na tashi."

Ba ta kuka, ba ta tsoro. Kullum da hantsi takan ja tabarma ta zauna kusa da fulawar tana yi mata hira. Ni ne mai tsoron. Mu biyu muka rage a cikin waɗanda suka tashi a gidanmu na ƙauye.

Na sa saɓar a kwalin ashana, na kuma zana miki fiffiken yadda hannuna ya iya. Idan ƙwaro ne kamar sauran ƙwari, mai suna a littafinku, ki rubuta mini da manyan baƙaƙe in karanta mata. Wataƙila ta ci abinci.

Inusa

Agadas, farkon Mayu

Zuwa ga Babana Inusa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo Baraka da jiki, Allah ya ba ta lafiya. Jiya muka shigo gari. Motarmu ta lalace a daji, aikin kuma ya ja fiye da yadda aka tsara. Takardunka biyu na tarar tare a wurin mai gadi. Ban ninke komai ba, Baba. A tsaye na karanta su, ban ko sauke jakata ba.

Zumarka ni na kashe ta. Ka ce laifin alƙalaminka ne, amma ka rubuta mini bakin leshi, ka rubuta tana ɗage bayanta, babu farar da ke haka. Kaina cike yake da fara, na ga kalmar na daina karatu. Na kuma faɗi magana a kan Gwaggo ban san ta ba. Ku yafe mini. Na roƙi Abdulrazak ya koma ya samu liman da Tanimu ya yi musu bayani a gaban jama'a, ya ce zai je ranar Juma'a.

Ga sunan. ƘOƘI-ƘOƘI CE. 'Yar'uwar koriyar nan ce da ka sani, mai naɗe hannuwa a ƙirji. Wannan irin a kan fure take zama, ta yi kama da shi, ƙwaro ya zo shan zaƙi ta kama shi. Idanun fiffiken na tsorata tsuntsu ne. Ba ta cin shuka, ba ta da dafi. A hoto kawai na taɓa ganinta, don ta ƙasashen kudu ce masu ruwa. Da na buɗe kwalin ashanar nan sai da na kira duk 'yan ofis suka zo kallo. Ko ka sayi fulawa daga kudu kafin ta bayyana? Ina zaton ƙwanta ne ya biyo reshe ya ƙyanƙyashe a wurinka.

Akwai abin da ya fi sunan muhimmanci. Idan irinta ta yi fiffike, kwananta ba su da yawa. Wata biyu, in ta daɗe uku. Za ta mutu ko ta ɓace wajen faɗuwar damina, ko an taɓa ta ko ba a taɓa ta ba. Ina tsoron ranar ta zo Gwaggo ta ɗaura ranta a kai. Kai ka san yadda za ka faɗa mata. Kumburin ƙafa da haki kuwa ba na jira ba ne, a kai ta likita.

Ban san ko sunan zai sauya mata komai ba. Ni abin da halittar ke ci da inda ta fito na sani, iyakar karatuna ke nan.

Sai wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A ciwon marigayi Baba na ƙarshe ni ke zama da shi. Idan zazzaɓi ya hau, yakan riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ki sauke ni, na iya tafiya." Wani lokaci kuma, "Yaya, kar ki tafi rijiya ki bar ni." Na tambayi Mama wace Yaya, ta ce zafin ciwo ne. Baba ba shi da ya mace da muka sani. Sai jiya, a tsaye a ƙofar ofis, na gane da wa yake magana.

Istaj ɗina zai ƙare a ƙarshen wata. Idan kun yarda, kafin in shiga Zariya zan sauka Jiratawa. Na faɗa wa Mama a waya. Ta ce in sayi dabino in kai.

'Yarka,
Tahira

Jiratawa, ƙarshen Yuni

Ɗiyata Tahira,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kin koma Yamai lafiya, kuma takardun kammalawa na tafiya daidai. A gaida malamanki. Mun yi shuka, gero ya tsiro.

Kwana biyun da kika yi mana sun yi kaɗan, kuma hayaniyar likita ta cinye su, ban samu na ba ki labarin ranar da takardarki ta iso ba. Na zauna gabanta na karanta mata da ƙarfi, har Tanimu ya leƙo ta kan darni, don ban san iyakar muryata ba. Da na kai wurin manyan baƙaƙe ta taɓe baki.

"Ƙoƙi-ƙoƙi? To. Ita Inna da wace riga ake so ta zo? Da rigar sarki?"

Na ce daga kudu take, a fulawar da na saya wurin wani mai kawowa daga Kaduna. Ta ce hanya ce, kowa da hanyar da yake biyowa. Na ce ba za ta wuce damina ba. Ta ce ita ma haka. Na ga dai na sha kaye, na ci gaba da karatu don in gama. Sai na iso maganar Abdu.

Tahira, tun rasuwar uwarmu ban ga hawayen Baraka ba. Ta sa na maimaita wurin. Ta ce rijiyar tana gabas da gida, idan ta ajiye shi za ta ɗebo ruwa sai ya kama zanenta yana ihu. Sannan ta ce a dama mata fura, ba za ta tarbi ɗiyar Abdu a kwance ba. Zuwa likita kuwa, ta ce ba mai kai ta sai ke, shi ya sa kika tarar ban kai ta ba. Ba sakaci ba ne.

Maganin zuciyar da aka ba ta ya karɓe ta. Kumburin ya sauka, gishiri ne muke faɗa a kansa kullum. Abdulrazak ya zo masallaci kamar yadda ya ce. Tanimu kuwa ya saƙa sabuwar amya ya rataya mini a lemo.

Baƙuwarmu ta kan fulawa ta tafi. Washegarin ruwan farko na tarar da ita a ƙasa ƙarƙashin lantana, fiffike a rufe, tururuwa sun fara zuwa. Na tsaya ina tunanin in ɓoye. Na ga ban taɓa yi wa Baraka ƙarya ba, ba zan fara da furfura ba. Na ɗora ta a ganye na kai mata.

Ta karɓa ta duba. Ta shiga ɗaki, ta ɗaura sabon zane, ta kwanta ta fuskanci bango. Na zauna a bakin ƙofa, ban je garka ba. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ina leƙawa ina duba ko zanen na motsi. Rana ta kusa faɗuwa sai na ga ta juyo, ta tashi zaune, ta dube ni rai a ɓace.

"Ta tafi ta bar ni," in ji ta. "Ashe ba ɗaukata ta zo yi ba. Dubiya ta zo."

Ta binne ta da hannunta a gindin fulawar. Ban hana ta ba, ban kuma taya ta ba.

Yanzu wata rigima ce ta taso. Ashe tun cikin bazara, ban sani ba, ta rabar da kayanta a ɓoye. Hauyarta tana wurin matar Tanimu, irin gujiyarta da na kuɓewa ta aika wa wata ƙawarta a Tsibiri, tukunyar da take ji da ita ma ta bayar. Ga damina ta zauna, ga ta da rai, ba ta da abin shuka. Jiya ta shiga gidan Tanimu ta fito da hauyar a kafaɗa. Matar ta biyo ta tana dariya tana cewa kyauta ce aka ba ta. Baraka ta ce kyautar mamaci ce, mamacin kuwa ya fasa.

Gobe in Allah ya kai mu zan raka ta Tsibiri karɓo gujiya. Ta ce in gaya miki ta ware miki kunya biyu a bayan zogale, naki ne, kuma ba ta yarda a noma miki ba. Ki zo da hutu ki yi da kanki.

Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan Abdu.

Babanki,
Inusa Jatau